Shafin bankin da na ci bashi yana mayar da ni baya duk lokacin da na shiga, mene ne mafita?

Tambaya: Na karɓi rance a wani ƙaramin banki, ina biya duk wata ta shafinsu na intanet. Kwana uku ke nan in na sa lambar wayata da kalmar sirri sai shafin ya juya ya sake dawo da ni wurin shiga. Wani lokaci kuma jan gargaɗi yake fitowa cewa haɗin ba shi da tsaro. Sau ɗaya na samu na shiga, na danna wurin biya amma bai motsa ba. Ranar biya ta kusa, ina tsoron tara. Me zan yi?

Amsa: Malam, matsaloli uku ka kawo, kuma ba lallai ne tushensu ɗaya ba. Kafin ka goge wani abu ko ka sauya kalmar sirri, fara gano inda cutar take: a burauzarka ne, a layin da kake hawa intanet da shi, ko a wajen bankin. Gwajin ba ya cin minti biyar. Buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama ta dama, zaɓi shafin sirri wanda aka rubuta Incognito, ka rubuta adireshin bankin da hannunka, ka gwada shiga. In ya shiga lafiya, laifin na tsofaffin bayanan da burauzar ta ajiye ne. In bai shiga ba, kashe Wi-Fi ka koma data, ko ka juya zuwa ɗaya layin. In har yanzu shiru, ari wayar wani na gida mai layin wani kamfanin, ka buɗe shafin kawai ba tare da ka sa kalmar sirrinka ba. Idan can ma ya ƙi buɗewa, to matsalar daga wajensu take, duk goge-gogen da za ka yi a wayarka wahalar banza ce.

Bari mu fara da gargaɗin tsaro, domin shi ne wanda kuskure a kansa yake iya cinye kuɗin mutum.

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaida ta lantarki. A cikinta akwai sunan shafin, da hukumar da ta bayar da ita, da ranar da ta fara aiki, da ranar da za ta ƙare. Burauza tana duba waɗannan kafin ta yarda ta miƙa kalmar sirrinka. In ɗaya bai yi daidai ba sai ta tare hanya. A ƙasan gargaɗin akwai wani ɗan rubutu da manyan baƙaƙe, shi ne yake faɗin ainihin dalili, kuma yawancin mutane ba sa karanta shi.

In ka ga kalmar DATE a cikinsa, duba agogon wayarka tukuna. Wayar da cajinta ya ƙare ƙaf ta daɗe a kashe, ko kwamfutar tebur da ɗan batirinta na ciki ya mutu, mai kama da kwabo wanda ake kira CR2032, takan farka da kwanan watan shekarun baya. Ita kuwa burauza da agogon na'urar take auna takardar, sai ta ga kamar lokacin aikinta bai zo ba ko ya wuce. Shiga saitin waya, wurin kwanan wata da lokaci, ka kunna wanda yake saita kansa daga layi. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, Ghana kuwa a kan GMT ɗin take. In agogonka daidai yake amma gargaɗin bai tafi ba, to takardar bankin ce ta ƙare ba su sabunta ba, sai a jira su.

In kalmar AUTHORITY ce, burauzar ba ta san hukumar da ta ba da takardar ba. Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin wayoyi. Shafuka masu ɗimbin yawa suna karɓar takardarsu daga Let's Encrypt, kuma tun 2024 wayoyin Android da suke ƙasa da 7.1.1 suka daina gane takardun wannan hukuma. A da mai irin wannan waya yakan koma Firefox, domin tana tafe da nata jerin hukumomin, ba ta dogara da na wayar ba, amma tun 2025 sababbin fitowarta sun daina hawa irin waɗannan wayoyi. A kwamfuta ma haka: Chrome 109 na watan Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da ya hau Windows 7, Internet Explorer kuwa Microsoft ta yi masa ritaya a watan Yunin 2022. A shawarata kada a yi harkar kuɗi a kan irin waɗannan na'urori, ko da shafin ya yarda ya buɗe.

In kuma COMMON_NAME ka gani, sunan da ke jikin takardar ya saɓa da adireshin da ka nufa. Wani lokaci dalilin mai sauƙi ne: Wi-Fi na otal ko na makaranta yana son ka fara shiga nasa shafin, ko datarka ta ƙare kamfanin layi yana karkatar da kai wurin sayen wata. Wani lokaci kuma wani ne ya shiga tsakaninka da bankin. Ba za ka iya bambancewa da ido ba. Saboda haka ko da burauzar ta ba ka zaɓin ci gaba duk da gargaɗin, kada ka taɓa shi a shafin da za ka sa kalmar sirri ko lambar kati. Tarar jinkirin kwana biyu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a kwashe asusu.

Akwai kuma abin da ya fi gargaɗin haɗari, wato shafin bogi da ba ya kawo gargaɗi ko kaɗan. Ɗan damfara ma yana iya samun takardar shaida kyauta a kan adireshinsa. Hoton kwaɗon da aka saba gani yana nufin babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Saboda wannan rashin fahimtar ne Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023 ta sa wata alama a madadinsa. Abin dubawa shi ne adireshin, kuma daga dama ake karanta shi. Nemi karkatacciyar sanda ta farko bayan sunan, ka dubi abin da yake dab da ita ta hagu. Misali, sunanbanki.com/shiga na bankin ne, amma sunanbanki.com.biyanrance.xyz/shiga na mai biyanrance.xyz ne, sunan bankin ado kawai aka yi da shi a gaba. Ɗauki adireshin daga takardar yarjejeniyar rancenka, ka rubuta shi sau ɗaya, ka ajiye shi a alamomin burauza. Kada ka dogara da sakamakon farko na Google, sau da yawa talla ce da aka biya, kuma kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a saƙon tes ko WhatsApp.

Yanzu zancen mayar da kai baya. In ka sa kalmar sirri daidai, bankin yana ba burauzarka wata 'yar alama da ake kira kuki. Kamar lambar da ake ba mai keke a wurin ajiya take: duk shafin da ka buɗe a ciki sai burauzar ta nuna ta, a san kai ne ka shigo ɗazu. In burauzar ta ƙi karɓar alamar, ko tana riƙe da tsohuwa wadda ta lalace tana ta nunawa, bankin zai ɗauke ka baƙo ya mayar da kai ƙofa. Ka lura, ba ya cewa kalmar sirrinka ba daidai ba ce, shiru kawai yake mayar da kai. Wannan shirun yawanci alama ce cewa matsalar kuki ce.

Ba sai ka share komai na burauzar ba. Kana kan shafin bankin, taɓa alamar da ke hagun adireshi, shiga wurin kukis da bayanan shafi, ka goge na wannan shafin kaɗai. Rufe Chrome gaba ɗaya, ka sake buɗewa. In bai isa ba, je saitin Chrome, ɓangaren sirri da tsaro, ka goge kukis da ajiyayyun hotuna da fayiloli, ka zaɓi na dukkan lokaci. A kwamfuta Ctrl da Shift da Delete tare suna kai ka wurin kai tsaye, Ctrl da F5 kuma suna tilasta wa shafi ya sauko sabo. Sani cewa wannan babbar gogewar za ta fitar da kai daga imel da sauran shafukan da kake ciki, don haka tabbatar ka san kalmomin sirrinsu, kuma in ka ga akwatin ajiyayyun kalmomin sirri a jerin, bar shi babu alama. Daga nan leƙa saitin shafuka ka tabbatar an bar kukis da JavaScript a kunne.

Abu na biyu da ke jawo wannan shi ne sauyawar adireshin da na'urarka take fita da shi intanet. Wasu shafukan kuɗi suna yanke zama da zarar adireshin ya canza, don kada ɓarawo ya saci alamar ya shiga daga wani gari. Waya mai layi biyu da take juya data da kanta, ko mai tsalle tsakanin Wi-Fi mai rauni da data, tana haddasa haka. Sai VPN, wato manhajar da take bi da intanet ɗinka ta wata ƙasa. Mutane da yawa sun sauke ta lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu kuma don neman data mai araha, ta zauna a wayar tana aiki ba a sani ba. Bankin sai ya ga kamar daga Jamus ko Amurka ake shigowa. Dubi saman fuskar wayar, in akwai ɗan hoton mabuɗi, kashe ta. Haka nan kada ka buɗe shafin a wurare biyu a lokaci ɗaya, kuma in kana ciki yi amfani da maɓallan shafin, ka bar maɓallin komawa baya na waya.

Ita kanta burauzar abin dubawa ce. Opera Mini tana da farin jini saboda tattalin data, amma a yanayinta na matsananciyar tsimi shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfanin Opera ne, a matse shi, sannan a turo maka. Maɓallai da yawa ba sa aiki a haka, kuma bayananka sun bi ta hannu na uku. Burauzar da take zuwa a cikin waya mai toshe talla ita ma takan ɗauki tagar biyan kuɗi a matsayin talla ta hana ta fitowa. Mahaɗin da aka buɗe daga cikin Facebook ko Instagram kuwa a wata 'yar burauza ta cikin manhajar yake buɗewa, ba ta da kukis ɗinka na Chrome. Don harkar rance tsaya a kan Chrome, Firefox, Edge ko Safari, kuma ka sabunta ta.

In saƙon da kake gani shi ne bayananka ba daidai ba ne, tsaya bayan gwaji na biyu. Yawancin shafukan kuɗi suna kulle asusu bayan kuskure uku zuwa biyar. Taɓa hoton idon da ke gefen akwatin ka ga abin da ka rubuta. Allon rubutun waya yakan mayar da harafin farko babba, ko ya ƙara fili a ƙarshe. Mai allon Hausa yakan sa ƙ ko ɗ a inda ya yi rajista da k ko d, a wurin kwamfuta kuwa haruffa ne mabambanta. Burauza kuma takan cika tsohuwar kalmar da ka riga ka sauya. Lambar waya ma tana da nata: wani shafin yana son ta da sifiri a gaba, wani ya riga ya sa 234, sai ka cire sifirin ka rubuta lambobi 10 da suka rage.

Lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya da ake turowa ta tes, tana zuwa ne layin da ka yi rajista da shi, wanda galibi shi ne na jikin BVN ɗinka. Kuskuren da aka fi yi shi ne danna a sake turowa sau huɗu a jere. Kowace sabuwa tana kashe ta baya, sai su iso a hargitse, ka sa wadda ta mutu. Nema sau ɗaya, ka jira minti biyu, ka leƙa akwatin saƙonnin banza na manhajar tes. In ba ta zuwa sam, mai yiwuwa ka taɓa tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla, kuma hanyar da mai ba da rancen yake turo saƙo ta faɗa cikin toshewar. Tura STATUS zuwa lambar ka ga matsayinka. Lambar OTP kuwa babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ya ce ka karanto masa ita. Haka duk wanda ya ce ka sauke AnyDesk ko makamanciyarta don ya gyara maka daga nesa, wayarka kake miƙa masa da duk abin da ke ciki.

To ka shiga. Kafin ka biya, san lambar da kake kallo. Shafukan rance sukan nuna adadi uku: abin da ya rage na uwar kuɗi, abin da za ka biya wannan watan, da abin da za ka biya in kana son rufe bashin yau. Buɗe jadawalin biya ka sauke shi. A nan za ka gane yadda ake lissafa maka. Ɗauki misalin rancen naira 300,000 na wata 6 a kan kashi 4 cikin 100 duk wata. In a kan uwar kuɗin farko ake lissafi har ƙarshe, kuɗin ruwa 12,000 ne kowane wata, jimla 72,000, biyan wata 62,000. In a kan abin da ya rage ake lissafi, biyan wata kusan 57,230 ne, kuɗin ruwan duka kusan 43,400. Bambancin ya haura 28,000 alhali kason da aka faɗa maka ɗaya ne. A bankunan da ba sa harkar ruwa, irin Jaiz da TAJ da Lotus, in murabaha aka yi, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka amince, farashin da aka yanke tun farko shi ne ake rarrabawa a watanni. Duba kuma ko ka ba da izinin a riƙa cira daga asusunka kai tsaye. In akwai wannan izini kuma ka biya da hannu dab da ranar, ana iya cira sau biyu. In teburin ya yanke ko wani maɓalli ya ɓuya a waya, taɓa ɗigo ukun ka zaɓi a nuna shafin irin na kwamfuta.

Maɓallin biya da ya ƙi motsi yawanci tagar da yake son buɗewa aka toshe. Ba bankin ne yake karɓar katinka da kansa ba, yana miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi irin Remita, Interswitch, Paystack ko Flutterwave, shi kuma ya miƙa ka ga bankin da ya ba ka kati don tabbatarwa, sannan a dawo da kai. A saitin shafuka ba wa shafin bankin izinin buɗe tagogi da karkatarwa, ka kuma bar masa kukis na wasu shafuka. Shafin sirri na Chrome yana toshe irin waɗannan kukis tun asali, Safari ma haka, don haka shafin sirrin na gwaji ne kawai, koma na yau da kullum in za ka biya.

Wurin da aka fi asara shi ne dawowar. An cire kuɗi, alat ya shigo, amma sabis ya yanke kafin a sanar da mai rancen, shafin yana nuna ba ka biya ba. Kada ka sake biya, kada ka sabunta shafin yana tsakiyar juyawa. Ɗauki hoton fuskar wayar, ka rubuta lambar shaidar cinikin. In ta Remita ce, lambar RRR ce mai lambobi 12. In tura kuɗi ka yi daga banki zuwa banki, a jikin rasit akwai lamba mai lambobi 30, da ita ake bin sawun kuɗin. Jira kamar rabin awa, ka duba tarihin biya, in akwai maɓallin sake tantance biya ka danna shi. In kuma lambar asusu ta wucin gadi aka ba ka ka tura, tura adadin da aka rubuta cif, kafin lokacin da aka nuna ya cika, kuma kada ka ajiye ta don wata mai zuwa, domin takan mutu.

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware cinikin intanet ko na POS da ya maƙale cikin awa 72. Kai ƙorafi a rubuce ga mai rancen da kuma bankin da aka ciri kuɗin, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu suka wuce babu warwara, kana da damar ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. In mai rancen manhajar bashi ce ta waya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ce take yi musu rajista, kuma tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su.

In gwajin farko ya nuna daga wajensu ne, alamarsa lambobi irin 500, 502, 503 ko 504 a farin shafi, abin da yakan faru a ƙarshen wata lokacin da kowa yake biya. Gwada da sassafe ko da daddare. Amma kada ka zauna jira har ranar ta wuce, domin jinkiri yana iya shiga rahoton da ake kai wa hukumomin tarihin bashi irin CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma gyara shi daga baya ya fi wuya. Tura musu imel yau, kafin ranar biyan, ɗauke da hoton kuskuren, da rana da lokaci, da lambar rancenka, da irin waya da burauzar da ka yi amfani da su, ka nemi wata hanyar biya. Kalmar sirri da lambobin kati ba sa shiga cikin wannan saƙo. Lambar asusun da za ka tura wa kuɗi kuwa ka karɓe ta daga takardar yarjejeniyarka ko a reshensu, kada ka karɓa daga wani da ya amsa maka a Facebook da sunan ma'aikacinsu. In dole ta sa ka je shagon intanet, kai da kanka za ka rubuta kalmar sirrin, ka ƙi yarda burauzar ta ajiye ta, ka danna fita kafin ka tashi, sannan ka sauya ta daga wayarka da ka koma gida.